Daƙiƙa Biyu

Tasalla ta zo shagona a Agege, ruwan sama a zaninta,
ta kwance faifai daga leda uku.
"Maigidana yana ciki. Bara ya rasu, bai bar hoto ba."

Sallau ba ɗan wasa ba ne.
Kurar ruwa yake turawa a Idi-Araba
ranar da masu fim suka tare titi,
ya gifta bayan jarumar tana kuka,
ya waiwayo sau ɗaya.

Faifan ya sha karce, kwamfuta tana tari,
aka ɗauke wuta, na ta da janareta.
Minti na arba'in da bakwai muka wuce shi.
Na koma baya. Ya sake kuɓucewa.
A karo na huɗu yatsana ya riga shi.

Rabin fuska, hula a karkace,
kunnensa ya narke cikin launin danfo.
Na ce, "Iya, bai fito sosai ba."
Ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin.

"Shekara talatin ban ga mutumin nan tsaye wuri guda ba.
Wanke mini biyu.
Yarinyar nan mai kuka kuwa, yanke ta,
ba ta san shi ba."