Fuskar Ɗan Takara a Bakin Almakashi

A Garwa, gefen kasuwa, kekena bai huta ba.
Bandir talatin aka sauke mini,
kowane yadi da fuskar Hamajoda,
haƙora fari fat.

Sanata yake nema.
Zaɓen na kansiloli ne, ba ni da ƙuri'a.
Su ake bi gida-gida da rago da ambulan.
Daga Gidar har Poli motocinsa sun zaga,
wadda ta tsaya ƙofata
ɗinki ta zo karɓa.

Jiya almakashi ya raba shi da kunne.
Afuwa, ranka ya daɗe,
matar kansila ce siririya.
Da goshinsa na goge man keke.

Cikon kuɗina, jaka bakwai,
wai sai bayan zaɓe.
Binuwai ta cika, ta janye,
ina nan ina zura zare.