In Babu Ruwa, Yashi

Shekara ashirin da shida ina tura kurar ruwa
daga famfon Garin Malam zuwa lungunan Birni,
jarka goma, wata rana sha biyu,
tun ladan bai gama kiran assalatu ba.
Damagaram ta san ƙishirwa,
ni kuma na san kowace ƙofa da ke jiran kukan tayata.

Yau da awo nake shan ruwa.
Habsu ta ja zane da ƙusa a cikin moɗa,
ta ce, nan za ka tsaya.
Ɗan ga-ruwa ake auna wa ruwa!
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ƙoda ce. Ƙwayar wake biyu a bayan ciki
da ban taɓa yi wa sannu da aiki ba,
suna tace ni dare da rana
har rariyar ta gaji.
Ƙafa ta hau, takalmi ya ƙi ni,
damtsen da ke cira jarka da hannu guda
ya saki kamar salkar da aka manta a rana.

A babban asibiti likita Lawali ya shimfiɗa takardar jini,
ya dafa wata lamba da yatsa.
Ya ce, Ɗan Jimma, akwai wuta a jininka,
ba mai harshe ba, irin ta ƙaiƙayi,
sama toka, ƙasa tana ci.
Ita ke rage maka nama.
Na ce, to sai in kwanta?
Ya ce, kwanciyar ce itacenta.

Na zo neman hutu, ya ba ni aiki.
Gora biyu na roba, a cika su da yashi.
Tsohuwar robar tayar keke, a ɗaure a ginshiƙin rumfa.
Kujera: zauna, tashi, zauna, tashi.
Kwana uku a mako.
Kada ka riƙe numfashi, in jiri ya zo ka tsaya,
magani yana nan, gishiri kuma ku yi sallama.

Ranar farko na ɗaga sau biyar,
hannu na rawa kamar mazari.
Jikana Mutari ke ƙirga mini.
Ya tsallake huɗu don tausayi, na kama shi,
na ce, ban taɓa sayar da rabin jarka a kuɗin cikakkiya ba,
koma baya.

Maƙwabci ya leƙo ta kan katanga:
tsoho, kokawa za ka shiga bana?
Na ce, na riga na shiga,
abokin karawar ne ba ka gani.

Damina ta zo, ta wuce.
Biyar ta zama takwas, takwas ta zama sha biyu.
Akwai makon da ban taɓa gora ba,
jiki ya ƙi, na kwanta ina ƙirga azara.
Sannan na koma kan shida.
Robar ta tsinke sau biyu, ta mare ni a kunci,
Habsu ta ƙulla ta tana ƙunshe dariya.

Da kaka muka koma, aka ɗebi jini.
Lawali ya dafa lambar nan dai.
Ta sauko. Ba ƙasa ba, taki biyu ko uku.
Ƙodar kuwa tana inda take,
abin da ya tafi bai aiko da saƙo ba.
Amma daga sujada yanzu
ba na neman bango kafin in miƙe.

Jiya da la'asar, a hawan da ke tsakanin duwatsu,
na iske yaron da ya sayi kurata ya maƙale,
ruwa na tsalle a bakin jarkoki.
Na sa tafi ɗaya a bayan kurar, ɗaya tak,
muka haye tare.
Ya miƙo moɗa cike. Na jiƙa leɓe, na mayar.

Tun ina yaro na ga an yi a kasuwar Dole,
ranar da rumfar mai tsire ta kama
famfo kuma ya bushe:
aka durƙusa, aka ɗebi ƙasa da hannu.

Mutari, kawo gorunan.
Yau Laraba.