Yadi Huɗu

Ni ne lamba sittin da huɗu.
Shekara huɗu a wata ƙaramar kwaleji a Nebraska,
hannuna bai taɓa ƙwallo ba ranar wasa,
sai laka, sai ƙirjin wani ƙato,
sai ciyawar da sanyin Nuwamba ya ƙone.

Koci Harlan Kubicek ba ya yarda da sama.
Yakan ce, yana tauna murfin biro:
"Abin da ka jefa, iska ce uwarsa.
Abin da ka rungume, shi ne naka.
Ku ba ni yadi huɗu.
Huɗu sau uku, an yi sabon lale."

Daren nan muna gaba da maki ɗaya tak,
saura minti shida,
numfashinmu na tashi fari kamar na shanu da asuba.
Sun san inda za mu bi.
Mai sayar da gugguru ma ya sani.
Mutum tara suka jibge mana a gaba,
muka bi ta nan ɗin dai.

Dama. Yadi huɗu.
Dama kuma. Uku da 'yan kai.
Sione Faleafa na haki a gefena,
jini a haɓarsa, yana dariya.
Ruwa ba ya dambe da dutse,
ɗiga yake yi.

Sau tara muna koya musu dama
har ƙafafunsu suka haddace.
A na goma Koci ya taɓa hularsa.

Sahu ya karkata dama kamar kullum,
ni kuwa na zare ƙafa, na bi ta bayansu,
na ɓulla hagu, inda mutum ɗaya ya rage
idonsa na kallon inda babu kowa.
Ƙarar hular kwano na ji a haƙorana.
Muka zube tare.
Ta ƙarƙashin hammatarsa na hango
Tavion Meeks ya wuce,
ƙwallo a ƙirji kamar jinjirin amana.

Yadi talatin. Arba'in. Fili fetal.
Mutum dubu tara suka miƙe tsaye.
Uwarsa ta taso tun daga Omaha a motar aro
don ta ga ya tsallake farin layin nan.

Saura taku ɗaya,
ya durƙusa.

Filin ya yi tsit, har ana jin kaɗawar tuta.
Wani ya kwarma daga can sama: "Yaron nan ya zautu?"
Bai zautu ba, agogo ya duba.
In ya ci, ƙwallo ta koma hannunsu
da minti guda, da mai jifan da ba ya saɓa saiti.
In ya durƙusa, lokaci ya zama namu,
su kuwa sun cinye hutunsu tun ɗazu.

Sau biyu muka sa gwiwa a ƙasa,
usur ya tashi.

A bakin ƙofa na ga uwar Tavion
ta kama kunnensa, tana faɗa tana hawaye,
ta rasa wanne za ta fara gamawa.

Babana, manomin masara,
bai ce uffan kan maki ba.
Ya dubi lakar da ta bushe a gwiwata,
ya dubi sawun da na bari daga dama zuwa hagu,
ya ce: "Kunyar nan ta miƙe."
Sannan ya tambaya ko na ci abinci.