Inda Ake Tafa wa Fashewar Yumɓu

Uwata maginiyar tukwane ce a Garwa,
ƙasan gadar Binuwai take ɗibar yumɓunta.
Ranar da tulu ya kuɓuce mini, ina 'yar shekara tara,
ba ta dake ni ba.
Tsugunawa ta yi tana tsince tsingaro,
shirun nan ya fi bulala.

Yau shekaruna arba'in da shida.
Kwana shida a mako ina laluben jijiya a hannun marasa lafiya,
har Likita Hamajoda ya ce, "Hajjo,
nemi abin da zai raba ki da kanki ran Lahadi."
A bakinsa na ji labarin masu harbin faifan yumɓu.

Na fara da kulob ɗin hanyar filin jirgi.
Ciyawa shar a tsakiyar Maris!
Mai gadi ya gaisa da takalmina kafin fuskata.
Jaka tamanin kuɗin rajista.
Na ce, wa ke koya wa sabon shiga?
Aka ce ai nan kowa ya iya.
Na shanye ruwan sanyinsu, na nemi babur.

Wani wurin da araha, samari ne, ga raha.
Ɗayansu ya juyo zai yi mini sannu da zuwa,
bakin bindigarsa ya riga shi isowa ƙirjina.
Na sha wanke irin ramin nan a jikin mutane.
Ban tsaya jin farashi ba.

Har na fid da rai. Sai mai kawo mana burodi
ya ce in bi hanyar Pitowa, bayan rumbun auduga.
Rumfar kwano ce, da benci mai ƙafa uku da dutse,
takardun izini a bango cikin gilashi, ƙuda sun sa musu hannu.
Baba Sali, tsohon ma'aikacin gandun daji,
bai yi zancen kuɗi ba.
Ya ce, "Wane ido ke mulki a fuskarki?"
Ya sa na haɗa tafuka na leƙa wata giginya.
Ashe na hagu ne.
Shekara arba'in da shida muna gida ɗaya, ban san shi ne mai gidan ba.

Ya ba ni abin toshe kunne, ya ba ni tabarau.
Kowa a wurin bindigarsa a karye take bisa hannu,
bakinta na kallon ƙasa kamar mai jin kunyar suruki.
Ranar farko ko harsashi ban taɓa ba:
ɗauka, manna wa kafaɗa, kwantar da kunci, sauke.
Sau hamsin. Na koma gida ina ƙunƙuni,
amma na koma wata Lahadin.

Na ce, "Saki!"
Faifai ya tashi ja-ja-wur, kurciya marar rai.
Na kuskure. Na sake kuskurewa. Har tara.
"Inda ya baro kike harbi," in ji Baba Sali.
"Ki tare shi inda za shi."
Na goma ya tarwatse a sama, ya zama gari.

Suka tafa.
Ni kuwa gwiwoyina ne suka nemi ƙasa,
suna so su tsuguna su tsince.
Tsohon ya lura. Ya ce, "Ba yumɓun kirki ba ne, 'yata,
farar ƙasa ce da kwalta, inji ya buga.
Don ya fashe aka yi shi."

Duk da haka na ɗauki ɓallin guda.
Na biya jaka goma na wata,
na sa sunana a littafi, ƙasan na wata ɗaliba da na mai burodi.
Kafaɗata ta kwana uku tana tsami.
Ɓallin yana kan murfin randar ƙarshe da Inna ta gina,
wadda har yau ba na barin kowa ya matsar.