Girkawa a Agege

Barira ta dawo daga Akoka da jiƙaƙƙen littafi,
ruwa ya kama ta tun daga Oshodi.
Ta shanya shi a kan janareta, ta ce,
Baba, gobe jarrabawa, zauna in bita a kunnenka.

Ni da na wuni a kara ta Oko-Oba,
murya ta dishe a kan naira dubu biyar,
takalmi duk kashin shanu,
me ya haɗa ni da mutanen da suka mutu tun ƙasa na ɗanya?
Na zauna dai. 'Yar fari ba a ce mata a'a sau biyu.

Ta ce wani tsohonsu ya zaga garuruwa yana leƙa ɗakunan gumaka,
ya ga kowace ƙabila ta ba abin bautarta hancinta,
da launin idonta, har da halinta na fushi da sata.
Ya tambaya: to dabba fa, da tana da yatsu?

Sai farin bijimin nan ya faɗo mini,
wanda tirela ta sauke shekaranjiya daga Potiskum,
kwana uku a tsaye, doronsa ya kwanta.
Da zai zana, na san ba zai zana ni ba.
Ƙila ciyawa mara iyaka,
ƙila hannun da babu igiya a cikinsa.

Ta juya shafi, ya yage a hannunta.
Wani kuma, in ji ta, ya ce akwai Ɗaya
da ke motsa komai, shi ba ya motsi.
Na ce ta yaya? Ta yi shiru tana neman Hausar.
Na ce ko kamar yadda garke ke sauri da la'asar
rafi kuwa bai ɗaga ƙafa ya kira kowa ba?
Ta tafa. Ni na yi istigfari,
don Allah ya fi ƙarfin misalin ɗan tireda.
Amma na tausaya wa mutumin:
makaho ne ya shafa bango har ya taɓa ƙyaure,
babu wanda aka aiko ya ce masa shigo.

Na ukun shi ya hana ni barci.
Mummuna ne, wai, mara takalmi, yana tare mutane a kasuwa:
in wanda kuke yi wa yanka ba ya yunwa,
me kuke kai masa?
In kuna bayarwa don a ba ku, ai ciniki ne.
Ta ce guba suka ba shi a ƙoƙo.
Ban yi mamaki ba. Ko a kara ba a son mai yawan buɗe bakin sa.

Ciniki na sani.
Na san albarka, na san sallama, na san la'ada.
Na kwanta ina lissafin sujadata ta shekara talatin:
tirela ta iso lafiya,
mai gida ya manta ƙarin haya,
sa ya kwana da rai.
Da wuya na tuna wadda na yi hannu rabbana
ba da ƙoƙon bara a ɓoye cikin riga ba.

Ƙarfe biyar saura. Cocin bayan layi bai sauke lasifika ba,
ladan ya fara, jirgin ƙasa ya ratsa su duka biyun.
Barira ta yi barci da biro a hannu.
Na ɗauki buta, na ce yau ba zan roƙi komai ba,
zan tsaya ne kawai, don ya cancanta a tsaya.

Na kai raka'a ta biyu a haka.
Goshina na taɓa tabarma sai na ji bakina yana cewa,
Ya Allah, yarinyar nan, jarrabawa.