Gaɓar Baya

Tun daga kwanar Kwangila na ji shi,
kafin inuwarsa ta iso rumfata:
ƙyas, ƙyas, kamar ƙyauren zaure
da ya shekara ba a ɗiga masa mai ba.
Na ce, Jatau, ajiye shayin nan,
ga wani tafe da ciwon baya.

Malam Ɗayyabu ne, mai allurar shanu,
wanda ya san kowace ruga daga Shika har bakin Galma.
Ya ce, Tanimu, shokozoba ta mutu.
Na ce kar ka ɗauki alhakinta.
Muka ɗora babur kan gungume,
na kama bayan na ɗaga sama,
ya taho faɗin farce kafin ƙarfe ya amsa.
Ga ɓarnar can ƙasa, inda ido ba ya leƙawa,
a mahaɗar da ke gaban taya.

Noti uku.
Na farko ya bi sifana salin-alin,
na biyu ya nemi kananzir da lallashi,
na uku tsatsa ta riƙe masa wuyan riga,
sai da guduma ta yi sallama sau bakwai
ya fito yana jan ƙafa
kamar wanda sammaci ya tasa da safiya.

Boris ya zube a tafin hannuna.
Allurai ne, da can farare kamar shinkafar gwamnati,
yau sun koma jan gari, ka ce dakan yaji:
lakar Kubanni, yashin mashigi,
ruwan damina uku da ya shiga bai fita ba.
Ya ce, ashe a kan wannan nake zaune?
Na ce, kai da akwatin magani da jarkar nono,
kuma ba tun jiya.

Jatau ya taka keke Sabon Gari.
Na ce kar ka karɓo mai ƙyalli, karɓo mai nauyi,
ka ce wa Ifeanyi ni ne, ya san hannuna.
Kafin ya dawo na kore tsohon kwanso,
na wanke ramin da fetur,
tsumma na shiga baƙi, yana shiga baƙi,
har ya fito ba kunya.

Sabo ba a dukansa.
Matsa shi ake, kaɗan, a duba, kaɗan,
in ya karkace ka koma farko.
Giris kuwa da yatsa,
tsinke bai san inda ya bushe ba.
Na jera allurai kafaɗa da kafaɗa kamar sahu,
don giɓin da ka bari nan ruwa zai tsaya.

Na ƙirga, babu ɗaya.

Mu uku a durƙushe muna tonon ƙasa,
mai rake ya tsaya yana kallo,
akuyar maƙwabta ta zo ta shinshina.
Ɗayyabu ne ya tsinto ta a gindin gungume,
ya ce, shekara ashirin ina neman allura
a ƙarƙashin kofaton saniya.

Na wanke ta, na mayar da ita cikin 'yan'uwanta,
na toshe baki biyu da sabuwar roba,
na ɗaure noti, ba ɗaurin fushi ba.
Ya hau, ya danna, ya sake dannawa.
Shiru.
Ya ce nawa? Na faɗa. Ya ce Allah ya sa albarka,
ragowar sai ya dawo daga Giwa.
Na ce kafin ruwan farko ka kawo shi,
cokalin giris ya fi boris araha, gaskiya.

Na dafa ƙasa zan miƙe,
gwiwata ta ce ƙyas.
Jatau ya kau da kai yana dariya,
ya ce, Oga, in koma wurin Ifeanyi?
Na ce zauna, ɗauko shayin.
Irin wannan ba a sayar da shi a Zariya.