Kifin Akwati

Ƙarfe biyar na asuba, ni da tsumma da bokiti,
ina goge sawun yatsun yara daga gilashin gidan kifaye.
Tun jiya ruwan Plymouth ke dukan rufi.
Sai ga shi ya ɓullo ta bayan dutse,
rawaya mai ɗigon baƙi, bai fi sabulun wanka ba,
yana tafe a hankali kamar kwalekwalen da aka cika wa kaya.

Madam Pengelly mai ba su abinci ta ce
ƙashinsa a waje yake, faranti-faranti masu kusurwa shida,
an manne su kamar saƙar zuma.
Ba ya lanƙwasa.
Ido da baki da fiffike da jela
su kaɗai aka bar wa kafa.
Na ce mata ubana Barau adaka yake ƙerawa a Gusau.
Da zai ga wannan, da ya juya shi ciki da bai
yana neman inda aka yi walda.

Ta lissafa mini dangi a kan yatsu:
akwai mai kusurwa huɗu irin wannan,
akwai mai doro kamar rufin kwano,
akwai mai ƙaho biyu da suke kira saniya,
saniyar da ba ta taɓa ganin ruga ba.
Ashe talibambam ɗinmu na gulbi
ɗan uwansu ne ta wajen kakanni.
Shi in ya tsorata kumbura yake yi.
Wannan ina zai kumbura? An riga an rufe shi.

Sai dai ya fitar da dafi ta fata.
In ruwan kaɗan ne, maƙwabta su mutu,
wani lokacin har da shi mai dafin.
Shi ya sa ba a ƙwanƙwasa masa gilashi,
ba a kunna masa fitila farat ɗaya.
Ta ce rawayar ma, in ya tsufa, dusashewa take.

Na daɗe a tsaye, tsumma na ɗiga a takalmina.
Yana hura yashi da ɗan tsukakken bakinsa,
yana tono tsutsar kalaci.

Adakar da Baba ya ƙera mini tana ƙarƙashin gado a Devonport.
Shekara sha ɗaya ke nan.
Makullin ya ɓace tun a filin jirgi,
kuma har yau ban kira mai fasa kwaɗo ba.